Tayarod da Garantinsa: Wa Zai Biya Idan Sabon Kaya Ya Yi Wasa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana kan wani ƙarfe da tsawonsa bai wuce kamu guda ba, amma ran direba da na fasinjojinsa na rataye a jikinsa. Tayarod muke nufi. Mu masu gyaran ƙafar mota ne, kuma babu kayan da ke haɗa mai mota da bakanike da mai shago faɗa kamar wannan. A ɗaura sabo yau, bayan mako uku sitiyari ya koma rawa. Mai mota ya ce bakanike ya cuce shi, bakanike ya ce kayan jabu ne, mai shago ya ce shi kaya in ya bar shagonsa ba ya dawowa. Kowa ya rantse, kowa ya watse, motar kuma ta hau titi da ciwonta. Wannan gardama tana da magani. Ƙarfen da ya lalace yana ɗauke da shaidar wanda ya kashe shi, kuma dokar Najeriya ta riga ta ba mai saye haƙƙin da yawancinmu ba mu san da shi ba.

A ƙananan motocin da suka cika titunanmu, irin su Corolla da Camry da Accord da Golf da Peugeot 406, sitiyari yana juya wani ɗan ƙaramin giya ne, shi kuma ya tura dogon ƙarfe mai haƙora, wato rak, zuwa dama ko hagu. Rak ba ya kaiwa ga taya. Tayarod ne ke ɗaukar wannan turi ya kai shi. Kowane ɓangare yana da guda biyu. Akwai na ciki, wanda wasu ke kira dogon tayarod, da ake murɗawa a bakin rak, robar rak mai lanƙwasa ta rufe kansa. Akwai na waje, wanda ake murɗawa a zaren na cikin, kansa kuma ya shiga ramin da ke hannun nokul, ƙarfen da ke riƙe da taya. Ke nan guda huɗu a mota. A cikin kowanne akwai ƙwallon ƙarfe zaune a cikin kwasfa mai shimfiɗar roba mai tauri, an cika da giris. Aikin ƙwallon shi ne ya juya ta ko'ina yayin da taya ke hawa da sauka, amma kada ya matsa gaba ko baya ko da kaurin gashi. Ranar da ya fara matsawa, shi ne muke cewa ya yi wasa.

Abin da ke kashe tayarod a ƙasarmu kusan kullum daga robar yake farawa. Robar da ke rufe ƙwallon ta bushe da zafin rana, ta tsage, giris ya fita, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo ta ƙara ruwa. Giris da yashi in suka haɗu sun zama dutsen washi, kuma kowace juyawar sitiyari tana cin kwasfar. Masu wankin mota da ke saita ruwa mai ƙarfi kai tsaye a kan robar, da masu wanke ƙarƙashin mota da fetur ko kananzir, suna gaggauta wannan. Na biyu shi ne duka: rami da gudu, tudun rage gudu da aka hau ba a taka birki ba, bakin kwalbati da aka goga da taya. Duka ɗaya mai ƙarfi yana iya lanƙwasa na ciki, ko ya dagargaza shimfiɗar kwasfa. Akwai kuma ɗabi'ar murɗa sitiyari har ƙarshe mota na tsaye cak a kan kwalta, wadda ke ɗora wa tayarod nauyin da bai kamata ya riƙa ɗauka kullum ba.

Alamomin da direba zai ji su ne ƙwanƙwasa a gaba in ya shiga gargada, sitiyari ya yi sako-sako, mota ta riƙa yawo a kan hanya sai ana ta gyara mata zama, tayoyin gaba su ci gefe ɗaya. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya keɓanta da tayarod, kuma a nan ake fara asarar kuɗi. Sauran kayan ƙafar mota, irin su boljoyin da bushin da linkejin sitabilaiza da boris ɗin taya, duk suna iya yin irin wannan ƙara. Don haka a gwada kafin a saya. A ɗaga motar da jak a sa mata madogari, a riƙe taya hannu ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta, a girgiza dama da hagu. In an ji wasa, wani ya leƙa ya ɗora hannu a kan na waje, sannan ya matse robar rak ya taɓo kan na ciki, don a san wanne ne ke motsi. In kuma sai an riƙe tayar sama da ƙasa ake jin wasan, to hankali ya koma kan boljoyin ko boris. Gwajin da ya fi wannan fito da gaskiya shi ne a sauke motar ƙasa da nauyinta, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, ɗaya yana ƙarƙashi yana kallon kowace mahaɗa. A littattafan gyara na Toyota, wasan da aka yarda sitiyari ya yi kafin taya ta amsa bai wuce milimita 30 ba a bakin da'irarsa. In kuma an tarar da man sitiyari ya taru a cikin robar rak, sil ɗin rak, wato robar da ke tare man, shi ne ya mutu. Sabon tayarod ba zai hana wannan yoyo ba. Mutum ya canja tayarod alhali ciwon na boljoyin ne, ƙara ta ci gaba, ya koma shago yana cewa an sayar masa da jabu. Wannan ba maganar garanti ba ce, kuskuren bincike ne, kuma a wuyan bakanike yake.

Sai saye. Ko a Ƙofar Ruwa a Kano ne, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, kayan da za a miƙo maka bai wuce iri huɗu ba: na kamfanin motar a kwalinsa, na sanannun kamfanonin da ke ƙera kayan ƙafa, na hannu da muke kira Beljiyam, da kuma wanda aka kwaikwaya aka saka a kwalin wani. Cikin sanannun akwai 555 na kamfanin Sankei a Japan, da CTR na Koriya ta Kudu, da Lemförder da TRW waɗanda duka suke ƙarƙashin kamfanin ZF na Jamus, da febi da Meyle su ma na Jamus, da Moog da aka fi sani a Amurka. Gwargwadon sunan kaya, gwargwadon yadda ake kwaikwayonsa, shi ya sa ganin lambar 555 a kwali ba hujja ba ne. A buɗe kwalin a gaban mai shago. Sabon tayarod na waje mai kyau, kansa yana da tauri, sai an sa ƙarfi yake karkata, kuma yana tafiya sumul ba tare da gargada ba. Wanda ke lilo da yatsa biyu tun yana sabo, a ajiye shi. Na ciki kuwa, in aka riƙe kwasfarsa aka miƙe shi a kwance, ya kamata sandar ta tsaya inda aka bar ta, kada ta faɗi da nauyin kanta. A duba zaren ko yankansa ya fita tsaf, a duba robar ko tana da laushi da kauri kuma zoben da ke riƙe ta ya zauna daidai, a duba ko akwai sabon noti da fin, wato ɗan ƙarfen da ake sokawa don kada noti ya kwance, a cikin ledar.

Kada a sayi tayarod da sunan mota kawai. Camry ɗin da aka haɗa a Amurka da wadda aka haɗa a Japan a shekara ɗaya suna iya bambanta a wasu kayan ƙafa, haka Corolla ta Turai da ta Amurka. A tafi da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ko a tafi da tsohon a hannu a jera su: tsawo, kaurin zare, lanƙwasar jiki, da siffar kan da ke shiga ramin nokul. Wannan kai tsukakke ne, sama siriri ƙasa mai kauri, kuma dole ya cika ramin daram. In ya fi ramin siranta, noti zai ƙure zare kafin ya matse, kan ya riƙa motsi a cikin ramin har ya faɗaɗa shi, wata rana ya karye daga wuya. A motoci da yawa kuma na dama daban, na hagu daban, da harafin R ko L a jiki. In aka juya su, lanƙwasar na iya gogar rim in an karya kwana har ƙarshe.

Kan Beljiyam, ra'ayinmu a fili yake. Mun san dalilin da ya sa mutane ke gudu gare shi: an sha su da sabon jabu, sun gwammace tsohon asali. A ƙofa ko fitila ko ma giyabos, wannan lissafi yana da ma'ana. A tayarod ba shi da ita, domin kaya ne mai cinyewa, kuma babu mai iya gaya maka kilomita nawa ya yi a can ko wane duka ya sha ranar da motar ta yi hatsarin da ya sa aka farke ta. Wanda ya ga dole sai shi, aƙalla ya tabbata robar ba ta tsage ba, kan yana da tauri, sandar kuma a miƙe take in an gangara ta a kan abu mai baje.

Ɗauri shi ne rabin garanti, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Kafin a kwance komai, a tsayar da sitiyari a tsakiya a ɗaure shi, domin in ya yi ta juyawa shi kaɗai yana iya tsinke wayar da ke naɗe a bayansa, wadda ke kai wuta ga hon da jakar iska. A goge zaren da buroshin ƙarfe, a fesa mai, a sassauta notin da ke kulle na waje a jikin na ciki tun kafin a cire kan daga nokul. A yi alama da fenti, a auna tsawo daga wani tabbataccen wuri a jikin na ciki zuwa tsakiyar ƙwallon na waje. A cire fin, a kwance noti, a fitar da kan da fula, wato ƙarfen da ke matsa kan ya fito daga ramin. In babu fula, gefen hannun nokul ake bugawa da guduma, ba saman zaren ba, domin bugun zare yana baje shi. Ƙarfe mai baki biyu da ake cusawa tsakani yana yaga roba, saboda haka bai dace da tayarod ɗin da za a mayar ba. Ana kwance na waje ana ƙirga zagaye, amma kada a dogara da ƙirgar kaɗai, don sabon yana iya fin tsohon tsawo ko gajarta da milimita biyu ko uku. Awon da aka yi da farko shi ne abin bi.

Na ciki ya fi neman kula. Bayan an zare robar rak, a motocin Toyota da yawa za a tarar da washa mai kunnuwa da aka lanƙwasa a kan kwasfar don kada ta kwance, sai an miƙe ta, kuma sabuwa ake mayarwa. Wasu motocin gam ɗin kulle zare ake shafawa a maimakonta. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne a kafa sifanar famfo a kan kwasfar a danna da ƙafa, ba a riƙe rak ɗin da wata sifana ba. Duk ƙarfin sai ya tafi kan haƙoran rak da ɗan giyan nan, a gama aiki sitiyari ya fara cijewa a wuri ɗaya, a ce rak ne dama ya tsufa. In an ɗaura sabon, a mayar da robar rak da maɗaurinta na ƙarfe. Waya da igiyar roba da ake ɗaurewa da su ba sa hana ruwa shiga, kuma ruwan da ya shiga nan rak ɗin gaba ɗaya zai ci da tsatsa, kayan da kuɗinsa ya ninka na tayarod sau da yawa.

A goge ramin nokul da kan sabon tayarod su bushe, kada a shafa giris a wurin, don tsukewar ce ke riƙe shi. A ɗaure da sifana mai awon ƙarfi, wadda ke auna matsi da ma'aunin Nm. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, alal misali, notin kan na waje Nm 49 ne, notin kulle kuma Nm 74, kuma kowace mota tana da nata adadin a littafinta. In an kai awon amma ramin fin bai daidaita da tsagar noti ba, a ƙara matsewa kaɗan har ya daidaita, ba a sassautawa baya. A sa sabon fin a buɗe ƙafafunsa. Ƙusa ko guntun waya ba fin ba ne. In kuma notin mai roba a ciki ne, irin wanda ba ya buƙatar fin, sau ɗaya ake amfani da shi.

Daga nan sai wurin alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai, a ranar, ba bayan sati ba. Ga lissafin da ya sa muke nacewa. Zaren tayarod a yawancin ƙananan motoci yana matsawa milimita 1.5 a kowane zagaye, kuma saboda hannun nokul gajere ne, wannan zagaye ɗaya yana karkatar da taya fiye da milimita 5 in an auna tsakanin gabanta da bayanta. Ɗauki taya mai lamba 195/65 R15, wadda tsayinta ya kai kusan santimita 63. In tayoyin gaba suka kauce wa juna da milimita 3 kacal, to a kowace kilomita ana jan su a kaikaice kusan mita 5 a tsakaninsu. Daga Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, an goge su a kwalta fiye da kilomita guda ke nan. Sabuwar taya ba ta daɗewa a haka, kuma wannan jan yana komawa kan ƙwallon sabon tayarod ɗin. Mai alaimen ya gyara ɓangarorin biyu daidai, ya sassauta ƙaramin maɗaurin robar rak kafin ya juya sandar don kada robar ta murɗe, ya kuma kulle notin yana riƙe da na waje a tsaye. In sitiyari ya karkace bayan an gama, a tayarod ake gyara shi. Cire sitiyari a sake dasa shi a miƙe ɓoye ciwo ne, karya kwana ta ɓangare ɗaya za ta fi ta ɗayan zurfi, kuma a motocin da ke da na'urar hana santsi sai an sake saita na'urar da ke karanta juyin sitiyari da kwamfuta.

Akwai ayyuka uku da muke roƙon 'yan uwanmu kanikawa su bari don Allah. Daddake kwasfa da guduma don wasa ya ɓace, ko cusa mata guntun roba. Gasa lanƙwasasshen tayarod da wuta a miƙe shi. Yi masa walda. Duk ukun suna ba da sauƙi na kwanaki, kuma duk ukun suna raunana ƙarfen da in ya rabu, tayar nan take za ta juya inda ta ga dama, sitiyari yana hannun direba amma ba ya da iko da ita. Ko masu ƙera motoci ba sa wasa da wannan. A watan Nuwamba na 2013 kamfanin Chrysler ya yi kiranyen motoci ƙirar Ram kimanin miliyan 1.2 saboda matsalar tayarod da ke iya karyewa. In kamfani zai ɗauki wannan asara a kan kuskuren ɗauri a masana'antarsa, bai kamata a ce a garejinmu ana miƙe shi da wutar gas ba.

Yanzu ga garantin kansa. A Turai kamfanin febi yana ba da shekara 3 a kan kayansa, Meyle yana ba da shekara 4 a kan ajin kayansa mai alamar HD, dokar Tarayyar Turai kuma ta ba mai saye shekara 2 a kan sabon kaya. A Amurka za ka ga an rubuta garantin muddin rai a kan kayan ƙafa, mutane kuma suna ɗauka ana nufin kayan ba ya mutuwa. Abin da ake nufi yawanci shi ne wanda ya saya da farko, muddin motar da aka ɗaura wa tana hannunsa kuma yana da rasit, za a musanya masa kayan in aibin daga ƙira ne ko daga ƙarfen. Kuɗin aiki da na alaimen da tayar da ta cinye ba sa ciki. Hatsari da kuskuren ɗauri da sauya fasalin mota suna soke shi, kuma sau da yawa motar haya ana rage mata wa'adi ko a cire ta. Sannan duk wannan alkawari yana bin hanyar da kayan ya bi ne: daga kamfani zuwa dilan da ya amince da shi, zuwa shago, zuwa hannunka. Kwalin da ya shigo a kwantena ta hannun mutum huɗu, babu takarda ko ɗaya a tsakaninsu, rubutun garantin da ke jikinsa ba shi da wanda zai amsa shi a nan.

Wanda zai amsa shi ne wanda ya karɓi kuɗinka, kuma ba alfarma zai yi maka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 131 mai saye yana da haƙƙin samun kaya mai inganci, wanda ya dace da aikin da aka saye shi dominsa, marar aibi. Sashe na 132 kuma ya ce in kayan ya gaza haka, mai saye yana iya mayar da shi cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, ba tare da an ci shi tara ba, mai sayarwa ya gyara ko ya musanya ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 130 ya shafe mu kanikawa, domin ya ba mai mota haƙƙin a yi masa aiki mai inganci, a kuma gyara in an ɓata. Hukumar ta sha bayyana cewa rubutun nan na ba a mayar da kaya bayan an saya ba ya soke waɗannan haƙƙoƙi. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da karantar da cewa wanda ya sayi kaya ya tarar da ɓoyayyen aibin da ya riga ciniki, yana da zaɓin mayarwa.

Amma mai shago shi ma yana da gaskiyarsa, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Bai ga yadda aka ɗaura ba, bai ga ramin da aka faɗa ba, kuma akwai masu sayen sabo su dawo masa da tsohon da suka cire a cikin kwalinsa. Abin da zai raba gardama shi ne a karanta jikin ƙarfen. In roba lafiya lau, giris yana nan da tsabtarsa, sanda a miƙe, zare bai ji duka ba, amma ƙwallo yana wasa cikin 'yan makonni, wannan aibin ƙira ne, na mai shago ne. In roba ta tsattsage da kanta ko'ina kamar busasshiyar fata cikin wata ɗaya ko biyu, robar ce marar kyau, shi ma nasa ne. In yankan robar guda ɗaya ne mai kaifi, ko saman zare ya baje, ko tsukakken kan ya yi sheƙi da zobe-zoben gogayya alamar ya yi ta motsi a rami, ko ga sawun haƙoran sifanar famfo a jiki, aikin bakanike ne. In sandar ta lanƙwashe, rim ya lotsa, taya ta yi ƙulu a ɓangaren, to hanya ce ta yi, kuma mai mota ya haƙura. In ya karye, a dubi bakin karayar: wuri mai santsi da layi-layi kamar bakin ruwa, wani lokaci da tsatsa a gefe, yana nuna tsagewar ta daɗe tana ci, karaya mai ɗanyen haske gaba ɗaya kuma tana nuna duka ɗaya ne ya raba shi. Shugabannin kasuwar kayan gyara da na ƙungiyar kanikawa ta NATA suna da dattawan da za su duba wannan cikin minti biyar su yanke magana.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in babu takarda. Rasit ɗin tayarod ya ƙunshi kwanan wata, sunan shago, sunan kamfanin da ya ƙera, lambar kayan, na ciki ne ko na waje, dama ko hagu, sabo ko na hannu, da wa'adin da aka yi alkawari. Mai shago ya sa wata alama tasa a jikin ƙarfen da fenti ko ɗan sara a inda ba zai cutar ba, don ya gane kayansa in ya dawo. Bakanike ya rubuta lambar mota da kilomitar da ke kan mita ranar ɗauri. Mai mota ya ajiye kwali da takardar alaimen, ya ɗauki hoton su da waya. In bakanike ne ya sayo kayan da kansa, shi ne mai sayarwa a wurin mai mota, kayan da aikin duka a wuyansa suke, kuma kada ya tura mutum kasuwa neman shagon da bai taɓa gani ba. In mai mota ne ya kawo kayansa, bakanike yana amsa aikin hannunsa kawai, amma wajibi ne ya faɗa kafin ya ɗaura in ya ga kayan bai yi masa ba. Ga direbobin haya masu Sharon da Golf da bas-bas da ke cin ɗaruruwan kilomita a rana, a yi maganar wa'adi tun wurin ciniki a rubuta, don kada a zo daga baya ana jayayya kan me aka ce.

Kiranmu ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON shi ne ta sa kayan sitiyari da na birki a sahun gaba na abin da take bincika a tashoshin ruwa da kasuwanni, ta kuma riƙa gwada ƙarfen kansa, ba kwali kaɗai ba. Hukumar FCCPC da hukumomin kare masu saye na jihohi su shiga kasuwannin kayan gyara su bayyana maganar wata ukun nan da Hausa, a rediyo da bakin shaguna. Jami'an duba motoci na VIO da na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma, in sun tsayar da motar haya a tasha, bayan takardu da fitila su sa direba ya kaɗa sitiyari su dubi tayar gaba. Manyan dilolin da ke shigo da kaya su karɓi abin da ƙananan shaguna suka dawo musu da shi, domin mai ƙaramin shago ba zai iya ba da garantin da shi ba a ba shi ba.

Ga mai motar da aka canja wa tayarod kuwa, ya koma gareji bayan mako guda ko kilomita 500, a ɗaga motar a girgiza taya, a duba fin yana nan, a taɓa notin kulle, a shafa tafin hannu a kan tayoyin gaba a ji ko sun fara kaifi ta gefe ɗaya. Ya sake yin haka kafin wata ukun su cika, rasit ɗinsa yana aljihu.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya kiyaye hanya.

Daga wasu masu gyaran ƙafar mota,
Kano.